Maganin Ƙarfafa Garkuwar Albasa: A Yi Hattara da Yadda Ake Fesa Shi

Manoman albasa, daga Aliero da Goronyo har zuwa Galmi, sun san ciwon nan da ke fara wa lawashi da ɗan farin tabo, tabon ya faɗaɗa ya rine zuwa shunayya, daga nan ganyen ya karye ya bushe. Fumfuna ce ke kawo shi, kuma ta fi samun sarari idan raɓa ko ruwa ya kwana a kan ganye. Lawashi kuwa idan ya mutu da wuri, kan albasa ba ya cika.

Bayan magungunan feshi da aka saba da su, masu kashe fumfunar kai tsaye, akwai wani rukuni da aikinsa ya sha bamban, wato tayar da garkuwar jikin shukar. Tun a 1979 wani mai bincike a Ingila ya nuna cewa asfirin na sa ganyen taba ya jure wa wata cuta. Daga baya aka samar da magunguna irin su Bion da Actigard. Da zarar sun shiga jikin shuka, sai ta fara ƙara wa bangon ƙwayoyin jikinta kauri, tana kuma fitar da sinadaran da ke hana fumfuna yaɗuwa.

To, a nan ne ake son manomi ya natsu. Shuka na bukatar 'yan kwanaki kafin garkuwar ta kankama, saboda haka wanda ya bari sai tabo ya cika gona ya makara. Sannan garkuwar nan da abincin shuka ake gina ta. Idan aka zarce awo, ko aka fesa wa albasar da ƙishi ya galabaitar, kan na iya tsumburewa. Kada kuma wani ya daka asfirin na kemis ya zuba a tankin feshi da ka.

Kafin ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba, ka kuma tambayi malamin gona ko an amince a fesa wa albasa shi. Maganin rage ɓarna yake yi, ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Don haka a ci gaba da ba da tazara wajen dashe, a yi ban ruwa da safe, a kwashe ruɓaɓɓen lawashi a ƙone, a kuma hutar da fili daga albasa na shekara biyu zuwa uku ana shuka wani abu.