TURKAR 'YAN RAGUNA: HARAWA KO HATSI?

Kowace shekara, idan Babbar Salla ta gabato, dubban mutane a ƙasar nan sukan ɗaure 'yan raguna a turke domin su yi ƙiba. Waɗansu don yanka a gida, waɗansu kuwa don a kai kasuwannin Legas da Ibadan da sauran birane. Tambayar da makiyaya suka fi yi wa malaman dabbobi ita ce: wane abinci ya fi, harawa ko hatsi? Wannan ɗan littafi zai bayyana abin da kowannensu yake yi wa dabba da namanta.

Yadda Cikin Tunkiya Yake Aiki

Allah Ya halicci tunkiya don cin ciyawa. A cikin tumbinta akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa ta zama abinci. Ɗan rago mai nauyin kilo 30 yana bukatar kamar kilo 1 na busasshen abinci kowace rana. Ko Balami ne, ko Uda, ko Yankasa, ƙa'idar ɗaya ce.

Naman Ragon Ciyawa

Ragon da aka ƙarasa kiwonsa da ɗanyar ciyawa, ko harawar wake, ko ta gyaɗa, ba ya saurin ƙiba. Amma namansa tsoka ce zalla, kitsensa kaɗan ne, launinsa ya fi ja. Masana sun tabbatar cewa ɗanyar ciyawa tana ƙara wa nama wani irin mai da ake kira omega-3, wanda yake da amfani ga zuciyar ɗan Adam. Har wa yau tana ƙara masa bitamin E, wanda yake sa nama ya daɗe bai dushe ba, kitsen kuma bai canja wari ba. Sai dai ƙamshin irin wannan nama yana da ƙarfi, ba kowa ne yake sonsa ba.

A lura, wannan amfani yana raguwa idan harawa ta sha rana har ta yi fari. Sabo da haka a tattara ta tun tana da kore, a ajiye a inuwa, inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba.

Naman Ragon Hatsi

Dawa da masara da dusa suna da ƙarfi, suna sa rago ya cika cikin wata 2 zuwa 3. Kitsensa yakan yi yawa, ya yi fari, ƙamshin naman kuma ba shi da ƙarfi. Masu balangu suna son irinsa. Amma idan hatsin ya wuce kima, yawancin nauyin da ya ƙaru kitse ne a ciki da bayan dabba, wanda mahauci zai yanke ya ajiye gefe. Ga shi kuma hatsi abincin iyali ne, kuɗinsa ya fi na harawa.

Haɗari Biyu

Na farko, tsamin ciki. Idan aka zuba wa rago hatsi mai yawa farat ɗaya, tumbinsa yakan yi tsami. Sai ya daina tuƙa, ya yi zawo, ya kwanta, wani ma ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na biyu, tsakuwar mafitsara. Dusa da hatsi suna ɗauke da sinadarin fosfaras mai yawa, wanda yakan taru ya toshe hanyar fitsarin namiji. Harawar wake da ta gyaɗa suna da sinadarin kalsiyam da yake daidaita wannan. Idan ka ga rago yana yunƙurin fitsari ya kasa, to garzaya wurin likitan dabbobi.

Shawara Ga Makiyayi

1. Harawa ita ce tushen abinci, hatsi ƙari ne. Kada harawa ta gaza rabin abin da rago yake ci.
2. A fara dusa da tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har mako 2 ko 3.
3. A raba dusar biyu, safe da yamma, bayan ya ci harawa.
4. A haɗa da ƙowa da ɗan angurya ko ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar, guba ne.
5. Ruwa mai tsabta da gishirin lasa kada su yanke.
6. A ba da maganin tsutsar ciki tun farkon turka. Kada a yanka dabba sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.
7. Ragon da ya sha doguwar tafiya a bar shi ya huta kafin yanka, don wahala tana sa nama ya yi duhu ya lalace da wuri.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Mu tuna, rani dogo ne: wanda ya tanadi harawa da kaka shi ne zai ci ribar turka.