Ƙyanda: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Da Iyalinta Su Sani

Uwargida, tun kafin ki sauka ya kamata ki san ciwon da ake kira ƙyanda, wanda wasu ke kira baƙon dauro. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ciwon da dole ne kowane yaro ya yi shi ya wuce. Ba haka ba ne. Ƙyanda tana kisa, tana makantarwa, kuma akwai allurar da ke hana ta.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ƙyanda, wadda ido ba ya gani. Idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa, ƙwayar tana bin iska, kuma tana iya zama a cikin ɗaki har tsawon awa biyu bayan ya fita. Cikin mutum goma da ba su da kariya, idan suka zauna kusa da mai ciwon, wajen tara za su kamu. Abin da ya fi wuya shi ne, yaro yana fara yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke zaton mura ce kawai. A ƙasarmu ta fi yawaita a lokacin rani da zafi.

Bayan kwana 10 zuwa 14 da shigar ƙwayar, sai zazzaɓi mai zafi ya taso, da tari, da yoyon hanci, idanu su yi ja suna hawaye. Wani lokaci ana ganin ƙananan fararen ɗigo a cikin kumatu. Daga nan ƙuraje su fito a fuska da bayan kunne, su gangara zuwa jiki.

Ƙurajen ba su ne abin tsoro ba. Abin da ke biyo bayansu ne ke kashe yara: ciwon huhu, da gudawa mai tsanani da ke ƙarar da ruwan jiki, wani lokaci kuma kumburin ƙwaƙwalwa. Wasu su rasa gani, wasu kunne ya yi ta zubar da ruwa har jin ya ragu. Bincike ya nuna cewa ƙyanda tana goge wani ɓangare na kariyar da jikin yaro ya riga ya tara, shi ya sa yaron da ya tashi daga ita yakan yi ta laulayi na tsawon watanni. Yaron da ba ya samun isasshen abinci shi ya fi shan wuya.

Ke ma mai ciki, ki nisanci gidan da ake ƙyanda, ko da gidan 'yar'uwa ne. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri mara nauyi. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, sai bayan ta haihu. Saboda haka kariyarki a yanzu tana hannun mutanen gida. Maigida, a duba katin sauran yara tun kafin jariri ya iso.

Jariri yana zuwa duniya da ɗan kariya daga mahaifiyarsa, idan ita tana da ita, amma tana raguwa cikin 'yan watanni. A Nijeriya ana yin allurar farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Ta biyun nan ita iyaye suka fi mantawa, saboda yaro ya fara tafiya, ana ganin an gama da asibiti. Amma allura ɗaya ba ta kama jikin kowane yaro, ta biyun ce ke cike giɓin. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Wasu yara kan yi ɗan zazzaɓi ko ƙananan ƙuraje bayan kamar mako guda, su wuce da kansu.

Kafin a samo allurar a 1963, ƙyanda tana kashe mutum kimanin miliyan 2.6 a duniya duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2023 rigakafin ya ceci rai wajen miliyan 60. Duk da haka, a 2023 mutum kimanin 107,500 suka mutu, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura biyu kafin ciwon ya kasa yawo a gari. A tsibirin Samowa, da iyaye suka ja baya daga allura, annobar 2019 ta kashe mutum 83, akasari ƙananan yara. Allurar ɗanki tana kare jaririn maƙwabta da bai kai wata tara ba.

Idan yaro ya kamu, babu maganin da ke kashe ƙwayar, amma kulawa tana ceton rai. A kawo shi asibiti, inda za a ba shi sinadarin bitamin A sau biyu, a yau da gobe, don kare idanunsa da rage haɗari. A ci gaba da ba shi nono da abinci da ruwa. Wanka ba ya mayar da ƙuraje ciki, kamar yadda ake faɗa. Kada a ɗiga masa komai a ido, ko kwalli ko ruwan ganye, sai abin da likita ya rubuta. Da kin ga numfashinsa yana sauri, ko ya ƙi shan nono, ko yana jijjiga, ko ya kasa buɗe ido, kada a jira gari ya waye. Ku sanar da ma'aikaci tun daga ƙofa cewa kuna zargin ƙyanda, don a ware shi daga sauran yara.