Bakin Tekun da Ake Kwance wa Karnuka Igiya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A arewacin unguwar Ocean Beach da ke birnin San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka, daidai inda Kogin San Diego ke zuba a Tekun Pasifik, akwai wani filin rairayi da aka bar wa karnuka tun 1972. Dog Beach ake kiran wurin, yana kuma cikin na farko irinsa a ƙasar. Dare da rana, mai kare na iya zuwa ya kwance masa igiya ya bar shi ya yi ta gudu. Ranar Asabar da hantsi sai ka ga iyali guda sun sauko daga mota: uba da kujeru, uwa da kwandon abinci, yara da ƙwallo, kare kuwa ya riga kowa isa ruwa.

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi zai yi mamakin a ce sai an keɓe wa kare wurin yawo, tunda namu karnukan gadi da na farauta ba su san ƙunci ba. A can kare cikin ɗaki yake kwana, sau da yawa a bene mara tsakar gida, kuma dokar birane ta ce in za a fita da shi sai da igiya a wuya. A akasarin sauran gaɓoɓin San Diego ma an hana karnuka shiga daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma tsakanin Afrilu da Oktoba, a sauran watanni kuwa zuwa ƙarfe 4. Dabbar da aka halitta da son gudu in ta wuni a kulle takan koma yawan haushi da yaga kayan ɗaki. Wannan ne ya sa masu karnuka suka matsa wa hukumomi har aka ba su 'yan wurare ƙalilan.

Kowane wuri da tasa ƙa'idar, kuma a jikin allon da ke bakin shiga ake rubuta ta. A Del Mar, arewa da San Diego, daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Yuni ake sakin kare ya wuni a sake. In zafi ya kawo cunkoson masu wanka sai igiya ta dawo. A Rosie's Dog Beach da ke birnin Long Beach kuwa, kare ɗaya ake yarda babban mutum ɗaya ya kawo.

Abin da baƙo ya fi kasa ganewa shi ne, kwance igiyar bai sauke wa mai kare nauyin komai ba. Ana so karen ya kasance mai jin kira, da an ambaci sunansa ya juyo. Ana so yana da lasisi da allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda dokar Kalifoniya ta wajabta. Mai shi kuma ya riƙe igiyar a hannu, idonsa na kan dabbarsa, ya kwashe kashinta a leda ya jefa a kwandon shara. Idan karen ya ciji mutum a wurin jama'a, dokar jihar ta ɗora wa mai shi biyan diyya, ko da bai taɓa cizon kowa ba a baya. A ganina wannan tanadin ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya, don shi ke sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya kawo kare mai faɗa cikin taro.

Yara su ne abin da ya fi damuna. Tsawon ɗan shekara uku daidai yake da bakin babban kare, kuma karen da ke tsere da ɗan'uwansa ba ya duba abin da ke gabansa. Ko bai yi niyyar cutarwa ba yana iya bangaje yaro ya faɗa ruwa. Kafin ku fito daga mota ku zaunar da su ku gaya musu: ba a taɓa karen da ba a sani ba sai an tambayi mai shi. Ba a ƙwace ƙwallo daga bakinsa, ba a rungume masa wuya, ba a ja masa wutsiya. In kare ya nufo yaro da gudu, kada ya zura yana ihu, don gudu shi ke tayar wa kare da sha'awar bi. Ya tsaya cik, ya sauke hannuwa, ya kau da ido, yawanci karen zai shinshina ya wuce. Kada kuma a bar yaro yana yawo da biskit ko nama a hannu. Su ma manya su sani cewa kaɗa wutsiya ba kullum ke nufin murna ba. Karen da jikinsa ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya ƙura ido yana gurnani ƙasa-ƙasa, gargaɗi yake yi, a ba shi wuri. Jaririn goye kuwa gara ya zauna a hannun uwarsa ko a bayanta, ba a shimfiɗe a ƙasa ba.

Iyalan Hausawa mazauna Amurka, waɗanda maƙwabci ko abokan makarantar yara ke iya gayyata irin wannan fita, sukan yi tambaya a kan tsarki. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai ibada ce aka ɗauke ta. Shafi'awa da Hambalawa kuwa najasa suke ɗaukarsa. Ko wanne mutum ke bi, ya tafi da sanin cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: a wurin nan jiƙaƙƙen kare zai goge ka, wani ya lasar maka ƙafa. Ku riƙo tufafin canji, dardumar salla kuma a bar ta a mota. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba, ya ce wa mai gayyatar a haɗu a wata gaɓar, ba laifi ba ne.

Shi ma karen teku na iya cutar da shi. In ƙishirwa ta sa ya kwankwaɗi ruwan gishiri, amai da gudawa za su biyo baya, in ya yi yawa har ya kai ga asibitin dabbobi, don haka ake zuwa da gorar ruwan daɗi da kwano. Rairayin tsakar rana na ƙona masa tafin ƙafa. In ka ɗora bayan hannunka ka kasa jurewa, shi ma ba zai jure ba. Kuma ba kowane kare ya iya iyo ba, masu gajeren hanci da nauyin ƙirji nan da nan suke gajiya. A ruwan San Diego mara zurfi akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya cikin yashi, shi ya sa 'yan gari ke jan ƙafa a ƙasa in suna shiga, don ya ji motsi ya gudu. Bayan an yi ruwan sama kuma, hukumar lafiya ta gundumar na shawartar jama'a su ƙaurace wa ruwan tsawon awa 72, saboda ƙazantar titunan gari da kogi ke kwasowa.

Ba kowa ke murna da waɗannan wurare ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Akwai wata 'yar tsuntsuwa da ke ƙwai a kan rairayi tsirara a gaɓar Pasifik, daga Maris zuwa Satumba, wadda gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1993. Kare guda in ya kore ta daga kan ƙwanta, sanyi ko hankaka sun samu. In kun ga an kewaye wani yanki da igiya da alamu, ku da karen duk ku tsaya daga waje.

Idan kuma tsautsayi ya sa an yi cizo, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a karɓi sunan mai karen da shaidar allurarsa, a wuce asibiti. Amurka ta sanar a 2007 cewa ta kawar da nau'in ciwon hauka da ke yaɗuwa tsakanin karnuka, shi ya sa iyaye a can ke iya sakin jiki. A duniya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutuwar mutum kusan 59,000 a shekara saboda wannan ciwo, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaron da ya saba wasa da karnukan San Diego, in an kawo shi hutu gida, sai an sake zaunar da shi an gaya masa cewa yawancin karnukan da zai gani a layi ba su taɓa ganin allura ba, kuma ko ƙarzane ɗaya ya samu ya zo ya faɗa a ranar.