Madubin Da Ke Tara Hasken Taurari

Duk mutumin Mubi da ke zaune a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal, in ya ɗaga kai da dare sai ya tuna gida. A can gindin duwatsun Mandara, in damina ta ɗauke kafin hazo ya sauko, ana ganin Kaza da 'Ya'yanta tangaran. Nan kuwa fitilu da hayaƙi sun rufe sama.

To, irin wannan dare na gida shi masanan taurari ke nema ruwa a jallo. Shi ya sa suke gina manyan madubansu na hangen nesa a kan tuddai, inda babu raɓa, babu fitilar gari.

Aikin madubin nan kamar tarbar ruwan sama ne. Mai babban daro ya fi mai kofi samu. Haka nan iyakar faɗin madubi, iyakar hasken da zai tara, har a ga tauraron da ido bai taɓa gani ba.

Amma fa girma yana da wahalarsa. Madubin da aka kafa a dutsen Palomar na Amurka cikin 1948 faɗinsa mita 5 ne, nauyinsa kuwa ya fi tan 14. In gilashi ya cika girma, nauyinsa kan sa ya lanƙwashe, hoto ya ɓaci. Sai masana suka yi dabara, watau su ƙera ƙananan madubai masu kusurwa shida, su jera su kamar saƙar zuma, na'ura tana daidaita su su zama tamkar guda.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Cikin Nuwamba 2005 Shugaba Thabo Mbeki ya buɗe wanda ake kira SALT, kusa da garin Sutherland a Afirka ta Kudu. Madubai 91 aka haɗa, kowanne faɗin mita 1, jimla wajen mita 11. A ƙasar Chile kuma ƙasashen Turai suna gina wanda zai fi duka, mai madubai 798 da faɗin mita 39.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin masu duba sama ne kurum. Akwai masu goge gilashi, da masu walda, da masu aikin lantarki, da masu lissafi. Hazon hunturu zai hana a kafa irin wannan ƙato a wajenmu, amma ba zai hana ɗan Mubi shiga cikin masu ƙera shi ba. Ga kwalejin fasaha ta Tarayya a garin, ga kuma jami'ar jihar Adamawa tun 2002.

Saboda haka jama'a, in za a aika da kuɗi gida ƙarshen wata, a ware na makarantar yara tukuna. Yaron da ke fita neman jinjirin watan azumi, wa ya san iyakar abin da zai hango?