Bindigar Toka: Daga Hannun Maharbi Zuwa Ƙofar Fada

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harbi-ka-ruga, ita ce irin bindigar da ake ɗurawa ta baki. Maharbi yakan zuba albarushi, ya bi shi da tsumma, ya sa dalma ko guntayen ƙarfe, ya danna da sanda, sa'an nan ya sami harbi ɗaya tak. Sunan nan na ƙarshe ya bayyana halinta sarai, domin wanda ya harbi ɓauna da ita ya kuskure, ba abin da ya rage masa sai gudu.

Kalmomin bindiga da albarushi da harsashi duka aro ne daga Larabci, watau harshe kansa shaida ne cewa makamin baƙo ne a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. Ke nan bindiga ta shigo birni a matsayin kayan fada. Makamin maharbi na asali kuwa kwari da baka ne, shi ya sa ake kiran shugaban maharba Sarkin Baka. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 yaƙe-yaƙen sarakuna suka ƙare, bindigar toka ta ƙara yaɗuwa a hannun maharba, maƙera na ƙera ta suna gyara ta.

To, me ya sa take fita daga hannunsu? Dalili na farko yana jikinta. Ɗurinta yana cin lokaci, albarushinta ba ya son laimar damina, kuma wadda aka ƙera da bututun ruwa takan fashe idan ɗuri ya yi yawa, ta raba mai ita da yatsu ko ido. Saboda haka duk maharbin da ya sami halin mallakar bindiga mai harsashin kanti ba ya komawa gare ta.

Dalili na biyu shi ne ƙarewar daji. Gonaki da gidaje sun cinye kewayen birnin Kano, namun da suka cancanci a ɓata musu albarushi sun yi nisa. Dajin Falgore, a kudancin jihar, keɓaɓɓe ne, an hana farauta cikinsa. Zomo da gafiya kuwa, kare da gora sun ishe su.

Na uku shi ne doka da halin zamani. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar toka cikin makaman da ake neman lasisi dominsu, Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 kuma ta iyakance abin da za a harba. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya sa ana zargin duk mai ɗauke da bindiga. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka cikin motar da suke. Har kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin bayin Sarki masu kare shi, ma'anarta ta juya ta koma kan ɓarayin daji.

Inda ta fi saura da daraja shi ne inda ta faro. Duk shekarar da aka yi hawan Salla, 'yan bindigar Sarki sukan ɗura albarushi zalla, ƙara da hayaƙi su sanar da birni fitowarsa daga Gidan Rumfa. Hukumar UNESCO ta sa wannan hawa cikin al'adun duniya da ake tattali a 2024.

Sai dai ƙara ba ta adana ilmi. Sunayen sassan bindigar, da dabarun maƙera, da kirarin maharba da sirrinsu na sanin sawun nama, suna bakin tsofaffi ne, kuma magadansu sun kama wasu sana'o'i. Ya kamata ɗaliban Hausa su zauna da waɗannan dattawa su rubuta, ma'aikatan al'adu su ajiye samfurori a Gidan Makama tare da sunayensu, tun ana iya samun wanda za a tambaya.