Koyar da Sauyin Yanayi a Fadamar Zauro: Alƙaluman Kimiyya da Imani da Ƙaddara

Fadamar Zauro, wadda ke shimfiɗe a kwarin kogin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ƙasa ce ta shinkafa da su. Mutanenta sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga ambaliyar 2010 da ta 2020 wadda ta lashe shinkafa gab da girbi. Babu mai gardamar cewa damina ta sauya hali. Saɓani yana kan sababi. Wasu na cewa jarrabawa ce daga Allah, wasu na zargin ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo, masana kuwa na nuni ga ɗumamar duniya. Kuskuren malami shi ne ya ɗauka cewa dole ɗaya ya rushe sauran.

Alƙaluman a bayyane suke. Iskar kabon dayoksaid a sararin samaniya ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya. Kowane digiri yana ba iska damar riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ruwan Sahel yake yawan zubowa da ƙarfi a lokaci guda, har madatsa ta cika, a tilasta buɗe ƙofofinta. Ashe mai zargin Goronyo ya ga gaskiya, amma ɓangarenta kawai.

Sai dai ambaliya ɗaya ba hujja ba ce. Masana suna auna yanayi da ma'aunin shekaru talatin, hanyar da ɗalibin usulul fiƙhu ya sani da sunan istiƙra'i: bin ɗaiɗaikun lamura kafin yanke hukunci na gaba ɗaya.

Shubuha mafi nauyi ta shafi hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, wanda wasu ke gani a matsayin da'awar sanin gaibu. Malamai sun bambanta jingina ruwa ga taurari, abin da Sunna ta hana, da kafa hujja da alamomin da Allah Ya gudanar da al'ada a kansu. Hasashe rinjayen zato ne, kamar na manomi idan ya ga hadari ya taso daga gabas. Annabi Yusufu (AS) ya yi tanadin shekarun fari, Sayyidina Umar (RA) kuma ya fasa shiga Sham lokacin annobar Amwas, yana mai ganin komawarsa ita ma ƙaddara ce.

Don haka ya dace darasi ya fara da abin da manomi ya gani, ya gwada shi da kundin ruwan sama, ya ƙare da aiki: iri mai saurin nuna, sauraron gargaɗin ambaliya, ƙaurace wa gini a bakin ruwa. Huɗubar da ta tsaya ga haƙuri, ta bar riƙo da sababi, ta bar manomi da rabin tawakkali. Allah ne Mafi sani.