Wa Ke da Ƙarƙashin Gida? Taƙaddamar Haƙo Iskar Gas a Birtaniya

Hanyar haƙo iskar gas da ake kira firakin ba ta samu tsayayyen suna a Hausa ba tukuna. A wannan maƙala za a kira ta fasa dutse da ƙarfin ruwa, domin abin da ake yi ke nan. Ana haƙa rijiya zuwa zurfin kilomita biyu ko uku, har a cim ma wani dutse mai kama da busasshiyar laka wanda gas ke maƙale a cikinsa. Daga nan sai a karkatar da haƙar, ta bi shimfiɗar dutsen a kwance tsawon kilomita guda ko fiye. Sai a tunkuɗa ruwa da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi, dutsen ya tsattsage, yashi ya tokare tsagogin, gas ya samu hanyar fita.

Wannan karkatarwa ce tushen rikicin siyasar. Rijiyar da bakinta ke cikin wata gona tana iya ratsa ƙarƙashin gidajen mutanen da ba a taɓa shawartarsu ba.

A Birtaniya, tun dokar man fetur ta 1934, mai da gas da ke cikin ƙasa mallakar Masarauta ne, wato hukuma. Sai dai ƙasar da za a ratsa kafin a kai gare su tana da mai ita. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da haka a 2010, a shari'ar da wani kamfanin attajiri Mohamed Al-Fayed ya yi da kamfanin Star Energy, wanda bututunsa suka shiga ƙarƙashin filinsa na Oxted ba da izini ba. Kotu ta ce wannan kutse ne, ko da yake diyyar ba ta wuce fam 1,000 ba. Kuɗin kaɗan ne, amma hukuncin ya ba masu adawa makami: idan masu gidajen da ke kewaye da rijiya suka haɗa baki suka hana izini, kamfani ya shiga doguwar shari'a.

Gwamnatin David Cameron ta ƙudiri toshe wannan ƙofa. A 2014 ta nemi jin ra'ayin jama'a, amsoshi sama da 40,000 suka shigo, kashi 99 cikin ɗari ba su amince ba. Duk da haka dokar da aka zartar a 2015 ta halatta wa kamfanoni ratsa duk ƙasar da ke ƙasa da mita 300 ba tare da yardar mai gida ba. A ganin marubucin wannan maƙala, a nan ne gwamnati ta yi babbar asara, domin ta mayar da batun kimiyya batun haƙƙin mallaka. Masu rajin kare muhalli dama sun daɗe a fage (an kama 'yar majalisa Caroline Lucas ta jam'iyyar Green a zanga-zangar ƙauyen Balcombe a 2013, kotu ta wanke ta a 2014), amma yanzu sai manoma da masu gidaje a karkara, waɗanda yawancinsu jam'iyyar Conservative suke zaɓa, suka bi sahu.

Kwatanci da Amurka yana ƙara haske. A can, mai fili kan mallaki ma'adinan da ke ƙarƙashinsa, kamfani ya biya shi kaso daga abin da aka haƙo. A Ingila kuwa, alkawarin da masana'antar ta yi na fam 100,000 kan kowane wurin gwaji da kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shiga na al'umma ne baki ɗaya. Mai gida ya sha ƙarar manyan motoci da fargaba, aljihunsa bai shaida ba. Mai karatu a Nijeriya zai gane wannan tsari, tunda sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mallakar ma'adinai a kan gwamnatin tarayya.

Sai kuma girgizar ƙasa. A Afrilun 2011 aikin kamfanin Cuadrilla kusa da Blackpool ya haddasa girgiza mai ƙarfin maki 2.3, aka dakatar da aiki har ƙarshen 2012, aka kuma kafa ƙa'idar tsayawa da zarar girgiza ta kai maki 0.5. Majalisar gundumar Lankasha ta ƙi ba kamfanin izinin haƙa a Preston New Road a 2015, minista Sajid Javid ya soke wannan mataki a 2016. A watan Agustan 2019 girgiza mai maki 2.9 ta kaɗa gidaje a yankin. Cikin Nuwamba, ana dab da babban zaɓe, gwamnatin Boris Johnson ta dakatar da aikin a Ingila.

Hujjar masu goyon baya ba ta banza ba ce. Gas ɗin Tekun Arewa ya fara ja da baya bayan shekarar 2000, kuma tun 2004 abin da ƙasar ke shigowa da shi ya fi wanda take fitarwa, alhali yawancin gidaje da gas suke ɗumama ɗakuna a lokacin sanyi. Masu adawa suna amsawa da cewa gas ɗin da za a haƙo a farashin kasuwar Turai za a sayar da shi, don haka ba zai rage wa talaka kuɗin wuta ba, sannan buɗe sabuwar masana'antar gas ya saɓa wa dokar 2019 ta kawar da gurɓataccen hayaƙi nan da 2050.

Da Rasha ta mamaye Yukren a 2022 farashi ya yi tashin gwauron zabo, Liz Truss ta ɗage dakatarwar a watan Satumba. Ranar 19 ga Oktoba jam'iyyar Labour ta gabatar da ƙudiri kan batun. Gwamnati ta yi rinjaye, amma cikin hargitsi, har ana zargin an tursasa wa wasu 'yan majalisarta. Washegari Truss ta sanar da murabus, kuma kafin watan ya ƙare magajinta Rishi Sunak ya maido da dakatarwar.